Littafin jagoran tafiya: wa aka rubuta wa, kuma yaushe?

Mu da muka tashi a Kakuri mun saba da ganin mutanen wasu ƙasashe tun muna yara. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta zo da Turawan Ingila, Arewa Textiles ta zo da Japanawa, UNTL ta zo da Sinawan Hong Kong, a 1975 kuma Faransawa suka fara haɗa motar Peugeot a nan kusa da gidajenmu. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, shi ne kuma ya fara nuna mini cewa da wuya ka ga ɗaya daga cikin baƙin nan ya kama hanyar Jos ko Yankari ranar hutu ba tare da wani ɗan littafi a gaban motarsa ba. Littafin ke gaya masa inda zai sha mai, inda zai kwana, da abin da ba a yi a gaban sarki.

Yau masaƙun sun yi tsit, tafiyar ma ta juya, mu ne ke fita. Daga Makera da Nasarawa ana tafiya Hajji da Umara, samari na zuwa Guangzhou da Dubai saro kaya, maƙwabtanmu na Sabon Tasha da Narayi da Television na zuwa ziyara Urushalima, marasa lafiya na nufar Indiya da Masar, ɗalibai kuma ko'ina ka duba akwai su. Ni labarin ƙasa na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka duk wanda ya sayi littafin jagora a unguwa yakan biyo da shi wurina ya ce, “Malam, duba mini wannan.” Na duba da yawa. Ra'ayina shi ne littafin jagora bai mutu ba duk da wayar da ke hannun kowa, amma yawancinmu muna sayensa ne ba tare da mun yi masa tambayoyin da suka kamata ba. Babbar cikinsu ita ce: wa aka rubuta wa?

Tun asali kowane littafin jagora da mutumin da marubucinsa ya sa a gaba. John Murray na Landan ya fara fitar da nasa a 1836 domin masu hannu da shuni na Ingila da ke zaga Turai, Karl Baedeker na Jamus ma a wannan zamanin ya kafa sunansa. Masu kamfanin taya na Michelin sun raba nasu kyauta a 1900 domin Faransawa su yawaita fita da mota, tayoyi su cinye, a sayi sababbi. Arthur Frommer ya rubuta wa Amurkawa yadda za su zaga Turai da dala biyar a rana a 1957. Tony Wheeler da matarsa Maureen kuwa, bayan sun ratsa Asiya daga Ingila har Ostireliya da ɗan guzuri, suka fitar da littafin da ya zama tushen Lonely Planet a 1973, domin matasan Turawa masu jaka a baya da lokaci mai yawa. Babu laifi a wannan. Sai dai a cikin duk waɗannan masu karatu babu mai riƙe da koren fasfo.

Baƙaƙen fatar Amurka sun gane haka da wuri. A 1936 wani ma'aikacin gidan waya mazaunin New York, Victor Hugo Green, ya fara buga littafin da ake kira Green Book, yana lissafa otal-otal da gidajen abinci da gidajen mai da za su karɓi baƙar fata ba tare da wulaƙanci ba. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Sauran littattafan zamanin ba ƙarya suka yi ba, otal ɗin da suka yaba yana nan, gadonsa da tsabta. Abin da ba su faɗa ba shi ne ba kowa ake buɗe wa ƙofar ba. Wannan labarin nakan tuna duk lokacin da na buɗe shafin biza na littafin da aka kawo mini, na tarar an jera 'yan Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya an ce su wuce kawai, sauran duniya kuma an tattara ta a layi guda an ce ta tuntuɓi ofishin jakadanci. Mu muna cikin wannan layi gudan. Ba za ka ga maganar katin rigakafin shawara da ake tambayar ɗan Nijeriya a filayen jirgi da dama ba, balle allurar shan inna da Indiya da Saudiyya ke nema daga gare mu.

Kwanakin baya ɗan wani abokina da ke sayar da kayan waya ya zo mini da wani jibgegen littafi a kan ƙasar Sin, ya saye shi wurin masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin titi. Bangon ya sha selotef, kaurinsa ya kai tafin hannu a tsaye. Ya ce, “Baba, mai sayarwar ya ce babu abin da babu a ciki.” Na ce, “To ɗana, zauna mu gani. Me za ka je yi?” Ya ce saro gilashin waya da caja. Muka buɗe fihirisa muka nemo Guangzhou. Shafukan da aka ba birnin ba su taka kara sun karya ba, kuma duk maganar gidajen tarihi ce da wuraren bauta da inda ake cin abincin gargajiya. Babu Xiaobei da Sanyuanli, unguwannin da 'yan Afirka suka fi sauka da ciniki. Babu maganar 'yan kargo, babu inda Musulmi zai sami naman yanka. Bikin baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara, daga Afrilu da kuma daga Oktoba, an ambace shi ne kawai don a gargaɗi mai yawon buɗe ido cewa otal na tsada a lokacin.

Ban ce ya jefar ba. Na sa ya kawo reza muka yanke abin da zai amfane shi: taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da shafukan baya inda aka jera lambobi da gaisuwa da tambayar farashi da rubutun Sinanci a gefe. Waɗannan sun fi ƙarfin kuɗin da ya biya, domin a Sin Google da WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa kamar yadda muka saba, kuma direban tasi ba lalle ya karanta boko ba. Takardar da ke ɗauke da sunan masaukinka da rubutunsu, wadda za ka miƙa masa ya gani, ita ce za ta kai ka gida. Sauran bayanin, irin su biyan kuɗi ta WeChat da Alipay da ya kusa korar takardar kuɗi a can, na tura shi wurin waɗanda suka dawo kwanan nan.

Wannan ya kawo mu ga shekarar bugu. Ka juya shafin da ke ɗauke da sunan littafin, a bayansa za ka ga ƙananan rubutu, wasu kuma a can ƙarshe suke sa shi. Nan ake rubuta bugu na nawa ne da shekararsa. Ka lura, sake bugawa daban, sabuntawa daban: ana iya sake gurza tsohon littafi bana da sabon bango alhali ba a taɓa harafi ɗaya a ciki ba. Ko sabon bugun ma, marubucin ya taka ƙasar ne watanni da dama kafin littafin ya fito daga maɗaba'a. Abin da ke cikin littafin jagora kamar kayan da uwargida ke dawowa da su ne daga Kasuwar Monday, akwai gero da zai shekara a buhu, akwai tumatir da ba zai kai jibi ba. Tarihin ƙasa, yanayin zafi da sanyi, al'adun mutane, tsarin tsohon gari, harshe, duk suna jimawa. Farashi, dokar biza, lokacin tashin jirgi, lambar waya da batun tsaro kuwa, da wuri suke lalacewa.

Wanda yake shakka ya gwada da garinmu. Littafin da aka rubuta a kan Kaduna a shekarun 1980 zai tura baƙo otal ɗin Durbar, wanda aka rushe a farkon 2020. Zai ce ya hau jirgin Nigeria Airways, wanda ya daina tashi tun 2003. Zai kawo shi tashar Kaduna Junction da ke nan gefenmu, alhali jirgin ƙasan Abuja tun 2016 a Rigasa yake tsayawa. Haka abin yake a ko'ina. A dare ɗaya cikin Nuwamban 2016 Indiya ta soke takardun rufi 500 da 1,000. A Afrilun 2019 Istanbul ta kwashe jiragen fasinja daga filin Ataturk zuwa sabon fili mai nisa da gari. Dubai ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi daga Janairun 2022, sannan daga ƙarshen wannan shekarar har Yulin 2024 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza. A Maris ɗin 2024 dala ta tashi daga wajen fam 31 na Masar zuwa kusan 50 a wuni guda, duk farashin da ke cikin littattafan Masar ya zama tarihi. Littafin da aka buga a 2022 zai ce babu yaƙi a Khartum, ga shi a Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, aka kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar da Port Sudan da ƙyar da jiɓin goshi. Ko Maraɗi da ke nan kusa, juyin mulkin Yulin 2023 ya sa an rufe iyakar Jibiya watanni, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. A ganina duk littafin da ya haura shekara uku, ka karanta shi don sanin ƙasa, kada ka yi lissafin guzuri da shi.

Inda na fi so in tsaya shi ne littattafan Hajji da Umara, domin su ne jagoran tafiyar da mutanenmu suka fi saya, su ne kuma aka fi saya ido rufe. Da zarar an fara bita sai ka ga ƙananan littattafai sun cika bakin masallatai, wasu da sunan marubuci, wasu babu. Irin wannan littafi aiki biyu yake yi. Akwai ibadar kanta: harami, ɗawafi, sa'ayi, tsayuwar Arfa, kwanan Muzdalifa, jifa. Wannan ba ta tsufa, babin Hajji na Risala da aka rubuta fiye da shekara dubu yana nan ana karantar da shi a zaurukanmu. Abin lura a nan shi ne wane malami ya rubuta, kuma ko bayaninsa ya zo daidai da na malamin bitarka. Akwai wuraren da malamai suka saɓa, kuma babu abin da ke rikita dattijo kamar ya ji abu ɗaya a bita, ya karanta wani a littafi, ga shi a tsakiyar miliyoyin mutane babu wanda zai tambaya. Ka kai littafin wurin malamin tun a gida ya duba, ya ce maka e ko a'a.

Gwaggona, Allah ya ƙara mata lafiya, jikokinta sun sayo mata wani mai kyan bango da aka jera wa kowane zagayen ɗawafi addu'arsa daban. Rubutun sirara ne, Larabcin babu wasali. Na same ta da yamma a kan tabarma, ta ɗaga tabarau tana kai littafin kusa da fuska tana mayarwa, hankalinta a tashe. Ta ce, “Malam, idan na kasa karanta ta zagaye na huɗu, ɗawafin ya ɓaci ke nan?” Na ce, “Gwaggo, bari mu je wurin malaminku.” Shi ya kwantar mata da hankali cewa waɗannan addu'o'in ba sharaɗi ba ne, ta roƙi Allah da abin da ta haddace, ko da Hausa ne. Muka canza mata da wani ɗan ƙarami mai manyan baƙaƙe da wasali, wanda ke shiga jakar wuyanta tare da katin masauki. Ga tsoho, girman rubutu ba ƙaramar magana ba ce. Ka kuma tambayi wanda za ka saya wa ko boko yake karantawa ko ajami, kada ka yanke masa hukunci.

Aiki na biyu na littafin Hajji shi ne tsarin tafiya, shi kuwa kusan kowace shekara sai ya sauya. Wurin jifa yanzu gada ce mai hawa-hawa, kowace tawaga da lokacinta. Jirgin ƙasan da ke tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa ya fara aiki a 2010. Jirgin Haramain mai gudu, wanda ke cin kilomita kusan 450 tsakanin Makka da Madina cikin ƙasa da sa'o'i uku, an buɗe shi a 2018. Shiga Rauda a Madina sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk. Littafin da Alhajin gidanku ya dawo da shi a shekarun 1990 bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wannan ɓangaren maganar hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da ta hukumar jiha ita ce gaba da kowane littafi: allurar sanƙarau, nauyin kaya, da abubuwan da aka hana shiga da su. Goro na cikinsu, kuma kowace shekara sai an maimaita gargaɗin. Haka magunguna irin su tiramadol, da ɗaukar saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba.

Maƙwabtanmu Kirista ma haka. Matar wani tsohon abokin aikina a Sabon Tasha ta nuna mini nata kafin ta tafi ziyara ta hannun hukumarsu da aka kafa a 2007. Littafi ne mai kyau, ya haɗa kowane wuri da ayoyinsa, Baitalami, Nazarat, Tekun Galili, Kogin Urdun. Na ce, “Mama, wannan ki riƙe shi da kyau, amma ki ƙara da abin da bai faɗa ba.” Baitalami tana Yammacin Kogin Urdun ne, sai an bi ta shingen bincike. A Urushalima kuma, daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar motocin haya da shaguna da yawa na tsayawa. Duk abin da aka buga kafin Oktoban 2023 kuma bai san halin da yankin ya shiga ba.

Masu zuwa asibiti ƙasar waje gargaɗi ɗaya nake yi musu: ɗan littafi mai sheƙi da ejan ya ba ka kyauta talla ce. A kowane littafi ma ka tambayi kanka wa ya biya kuɗin buga shi. Ni nakan nemi shafi ɗaya da marubucin ya ce wuri kaza bai cancanci kuɗinka ba, ko unguwa kaza kada ka bi ta da dare, ko ga dabarar da ake damfarar baƙi da ita a bakin tasha. Idan na juya littafi daga farko har ƙarshe komai yabo ne, nakan mayar wa mai shi.

Ga gwajin da nake yi a tsaye a gaban mai sayarwa, ba ya cin minti biyar. Ka ƙaddara jirginka ya sauka da ƙarfe biyun dare, jakarka a hannu, layin wayarka bai kama ba. Yaya za ka kai masauki? Nemi amsar a littafin. Mai kyau zai gaya maka nisan filin jirgi da gari, irin motar da ke aiki a wannan lokacin, inda ake hawanta, da inda za ka yi canji ba a cuce ka ba. Idan ka sha wuya kafin ka gano shafin kana cikin natsuwa a garinku, a can ba za ka gano shi ba. Daga nan ka duba taswira: akwai ma'aunin nisa? A ƙasar da ba boko ake rubutu da shi ba, an sa sunayen da rubutun ƙasar? Ka kuma guji littafin nahiya guda idan ƙasa ɗaya za ka, domin wanda ya ɗauko Afirka gaba ɗaya 'yan shafuka zai ba Gana. A nan kamfanin Bradt, wanda ya fara a 1974, ya yi fice, yakan ware wa ƙasashen da wasu suka tsallake littafi sukutum. Yana da na Gana, yana da na Nijeriya da Lizzie Williams ta rubuta, wanda ya fara fitowa a 2005. Rough Guides sun fi zurfafa a tarihi da al'ada, DK Eyewitness kuma hotuna da zane ne ƙarfinsu, sun dace da wanda Turancinsa bai yi nisa ba.

Na san matasa za su ce komai na waya. Gaskiya ne taswirar waya ta fi ta takarda sanin inda kake tsaye, kuma maganar biza daga shafin ofishin jakadanci ya kamata a ɗauko ta, a makon da za a nema. Bidiyon da 'yan'uwanmu ke ɗorawa daga kasuwannin Dubai da Alƙahira ma na da amfani, da harshenmu suke magana, da irin fasfonmu suka shiga. Amma sau da yawa ba ka san yaushe aka ɗauka ba, ba ka san ko mai otal ɗin ne ya biya ba, kuma guntu-guntu suke zuwa. Littafi yana ba ka ƙasar a haɗe, ka zauna ka karanta ta makonni kafin tafiya, ba ya neman caji ko data. Ka haɗa su uku: littafi don fahimta, intanet don abin da ke sauyawa, da mutumin da ya dawo bana don abin da ya shafi irinmu. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wa zai tambayi me.

Abin da ke damuna shi ne ilmin da muka fi bukata yana yawo ne a baki kawai. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su labarin tafiya suka bayar, ba jagora ba, amma sun nuna Hausa na iya ɗaukar duniya. Yau a Kakuri da Barnawa akwai 'yan kasuwar da suka san lungunan Guangzhou kamar na unguwarsu, akwai matan da suka yi watanni suna jinya a Delhi, akwai ɗaliban da suka gama karatu a Alƙahira. Duk wanda zai tafi sai ya bi su gida-gida yana roƙon bayani, wanda bai san kowa ba kuma ya faɗa hannun ejan. Ina roƙonku, ku da kuka je kuka dawo, ku zauna da wani mai alƙalami ku rubuta, ko shafi ashirin ne: yadda ake neman biza da koren fasfo, inda ake sauka, inda ake salla ko sujada, inda ake cin abinci, inda ake cutar baƙo. Ku sa sunanku a bango, ku rubuta wata da shekara da manyan baƙaƙe a shafin farko, in shekara ta zagayo ku sabunta.